Neman kalmar Hausa: ƙananan mayaƙan da ake sake yi wa fenti a Ingila

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina da rahoton da zan fassara don shirin rediyo na ranar Alhamis, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini. Rahoton yana magana ne a kan mutanen da ke sayen tsofaffin ƙananan siffofin mayaƙa na Warhammer, wani wasan yaƙi a kan teburi wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fara fitarwa a 1983, su cire tsohon fentin da ke jikinsu, su liƙa takobi ko hannun da ya karye, sannan su sake yi musu fenti. Tsayinsu kamar milimita 28 ne, kuma akwai maharba, da mahaya dawakai, da dodanni. Da Turanci ana ce wa ɗaya "miniature". Na rubuta 'yar tsana, na kuma goge.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Malama. Gara da kika goge, domin 'yar tsana abar goyo ce a wurin yarinya, kuma mai sauraro zai ɗauka cewa manya ne suke wasan yara. Gunki ma kada ki kusance shi, tunda ba bauta ake yi musu ba. Ni a ganina "ƙaramin mutum-mutumi" ya wadatar.

Mai Zane: Malam, mutum-mutumi ya yi wa maharbi daidai, amma dodo mai fukafukai ba mutum ba ne. Na taɓa gwada aikin da hannuna a kan guda uku da wani ɗan'uwana ya kawo mini. Na jiƙa su cikin Dettol kwana biyu har fentin ya yi laushi, na goge da tsohon buroshin haƙori, na bi lungunan sulken da tsinken sakace, sai ga idanu da gemu sun fito waɗanda mai fentin farko ya binne da kauri. Nauyinsu a tafin hannu ya ba ni mamaki, saboda na shekarun 1980 da darma aka zuba su, shi ya sa wasunsu ke fitar da farin gari idan sun lalace a ajiye. Don haka ina ba da shawarar "sojan darma".

Baba Mai Ritaya: Yaro, soja ba Hausa ba ce, aro ce daga Turanci, kuma dalma ake rubutawa. Muna da mayaƙi, muna da barde, muna da dakare, me ya kai mu roƙo? Abin da ake jerawa a yi wasan dabara da shi dara ne. Na daɗe ina cewa "mayaƙan dara", kuma ban ga wanda ya kawo abin da ya fi ta ba.

Mai Zane: Ranka ya daɗe, dara tana da ramuka talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu. Wannan kuwa babu rami ko gida a cikinsa, a kan faffaɗan teburi ake yi, a auna tafiyar runduna da tef, a jefa ɗan ludo don a san wanda sara ya kama.

Baba Mai Ritaya: To kai ma darmarka ba ta kai ko'ina ba, tunda a shekarun 1990 masu ƙera su suka bar ta suka koma gamin kuza, yau kuma yawancinsu roba ne. Cutarmu ita ce duk abin da Bature ya ƙera sai mu ji kunyar sa masa sunan gida.

Ɗan Damagaram: Baba, a yi mini afuwa, sunan gidan wa? Kullum ana yanke hukunci a Kano kamar mu ba ma sauraron rediyo. Ɗalibanmu a Nijar da Faransanci suka san abin, "figurine" suke ji, kuma soja ba ta taɓa zama baƙuwa a kunnenmu ba.

Malamin Hausa: Dalma da darma duka Hausa ne. Mu koma kan aikin baiwar Allah, Alhamis ta kusa.

Mai Fassara: Na gode muku duka. A ambaton farko zan ce "ƙananan mutum-mutumin mayaƙa na wasan yaƙi a kan teburi", daga nan in riƙa cewa "sojojin darma", tunda rahoton a kan tsofaffin ne kawai. Aikin da ake yi musu kuwa zan kira shi kwaskwarima. Dodannin zan ambace su da sunansu a inda suka fito.

Baba Mai Ritaya: Kwaskwarima ta yi, 'yata. Sojojin darma kuwa ki faɗa ranar Alhamis tunda lokaci ya ƙure, amma idan kika zo kan na roba za ki dawo nan ki neme ni.