Wai shi Kakakin Majalisar Wakilai menene ainihin aikinsa?

ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu bin siyasa a taimaka min da bayani. Ni dai abin da nake gani a talabijin shi ne mutum zaune a kan wata ƙatuwar kujera yana buga guduma, yana cewa wane tashi ka yi magana, wane zauna lokacinka ya ƙare. To in aikin ke nan, me ya sa duk sanda za a zaɓi kakaki sai ka ga gwamnoni sun tare a Abuja, fadar shugaban ƙasa ta tsoma baki, ana ta rigimar wace shiyya za a ba wa kamar za a sake zaɓen shugaban ƙasa? Shi ma fa ɗan majalisa ne kamar sauran, mazaɓa ɗaya ce ta turo shi, Tajudeen Abbas ai mutanen Zariya ne kawai suka zaɓe shi, ni ban ga sunansa a takardar ƙuri'ata ba. Sannan wani ya ce min wai shi ne mutum na huɗu a ƙasa, wato in abu ya samu na sama da shi mulki zai iya faɗowa hannunsa, gaskiya ne?

Malamin_Sakandare:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara da abin da ke rubuce. Majalisar wakilai mutum 360 ce, kuma sashe na 50 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce su ne za su zaɓi kakaki da mataimakinsa daga cikinsu, shi ya sa ba ka ga sunansa a ƙuri'arka ba. Ranar da aka ƙaddamar da sabuwar majalisa akawun majalisar tarayya ne yake gudanar da zaɓen, domin a lokacin ba ta da shugaba tukuna. A 13 ga Yunin 2023 kiran suna aka dinga yi ɗaya bayan ɗaya kowa ya miƙe ya faɗi wanda yake so a fili, Abbas ya samu 353, Idris Wase 3, Aminu Sani Jaji 3.

Aikinsa a takarda shi ne ya jagoranci zama, ya tabbatar an bi ƙa'idojin majalisa, ya yanke hukunci in wani ya tada batun ƙa'ida, ya miƙa ƙudiri ga kwamiti. Ba ya kaɗa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki sannan ya raba gardama, wannan sashe na 56 ne. In shugaban ƙasa zai tafi hutu ko neman magani, wasiƙar da zai rubuta ya miƙa mulki ga mataimakinsa ga mutum biyu ake aika ta, shugaban majalisar dattawa da kakaki. In kuma majalisun biyu suka haɗu waje ɗaya, kamar ranar gabatar da kasafin kuɗi, shugaban dattawa ne ke jagoranta, sai in ba ya nan kakaki ya karɓa.

Maganar na huɗu kuwa a tsarin girmamawa ne, wa zai zauna a gaba wa za a fara ambata a wajen taro. Amma gadon mulki sashe na 146 shugaban majalisar dattawa kawai ya ambata, in kujerar shugaban ƙasa da ta mataimaki suka zama ba kowa shi zai riƙe na tsawon da bai wuce wata uku ba a yi zaɓe. Ba a ambaci kakaki ba. Wanda ya gaya maka ƙila da Amurka ya haɗa, can ne kakaki ke bin mataimakin shugaban ƙasa kai tsaye.

Bakatsine_ne:
Malam ya karanto mana littafi, Allah ya saka, amma wallahi ƙarfin kujerar nan ba a waɗannan sassan yake ba. Ka dubi abu guda, a zaure mai mutum 360 ba ka isa ka buɗe baki ba sai kakaki ya kira sunanka, kana iya ɗaga hannu daga buɗe zama har a tashi ya yi ta kallon wani ɓangaren kamar bai gan ka ba, kuma ba kotun da za ka kai ƙara cewa an ƙi ganinka. Haka takardar jadawalin abin da za a tattauna a rana, kwamitin da ke tsara ta ai ba ya yin abin da ofishin kakaki bai yarda ba, ƙudirinka zai iya kwana a durowa shekara huɗu, na wani kuma a yi masa karatu na ɗaya da na biyu cikin mako guda.

Sai babbar magana, rabon kwamitoci. Nan ne ake yin komai. Ciyaman ɗin kwamitin kasafin kuɗi ko na man fetur ko na tsaro ko na ayyuka ba ɗaya yake da ciyaman ɗin wani ƙaramin kwamiti da ko ma'aikatar da zai sa wa ido ba shi da ita ba, kuma kakaki ne shugaban kwamitin da ke rabon. To ka ga wanda yake son kwamiti mai maiƙo dole ya iya bakinsa, wanda ya yi adawa lokacin zaɓen kakaki kuma ya san inda za a ajiye shi. Shi ya sa gwamnoni ke tarewa a Abuja ɗan_Kurna, kowa na son yaransa su samu wuri mai kyau, shi kuma shugaban ƙasa yana son wanda in ya aiko da buƙatar ciyo bashi ko ƙarin kasafi ba za a ja masa rai ba.

Sannan gudumar da ka raina. Yawancin abubuwa da ƙuri'ar murya ake yanke su, masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, shi kuma ya ce ga waɗanda muryarsu ta fi ƙarfi ya buga. Kunnensa ne alƙali. A Maris ɗin 2025 da Tinubu ya sa dokar ta-ɓaci a jihar Ribas ya dakatar da gwamna Fubara na wata shida, tsarin mulki cewa ya yi sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisa sun amince, wato mutum 240 a majalisar wakilai, amma da murya aka amince, ba a ƙirga kai ba. Don Allah ta yaya ake auna mutum 240 da kunne? An yi ta surutu a jaridu, ya wuce.

Malamin_Sakandare:
Bakatsine ban musa maka ba, sai dai a ƙa'idar majalisa ɗan majalisa na da damar ya ƙalubalanci hukuncin muryar ya nemi a rarrabu a ƙirga mutum-mutum. Hanyar tana nan.

Bakatsine_ne:
Tana nan Malam, amma wa zai ba shi damar ya tashi ya nema? Shi dai wanda ya buga gudumar ne.

Hajiyar_Tudun_Wada:
Ku kuna magana kamar kakaki wani sarki ne da ba a taɓa shi. Ni na girme ku a kallon majalisar nan tun 1999, kujera ce mai santsi. Na farko ma Salisu Buhari ɗan Kano ko wata biyu bai cika ba, mujallar TheNews ta tono cewa takardar digirin da ya ce ya yi a jami'ar Toronto ta jabu ce kuma ya ƙara wa kansa shekaru, lokacin sai ka kai 30 za ka yi takarar majalisar wakilai shi kuwa bai kai ba, ya sauka yana kuka a gaban kyamara. Patricia Etteh mace ɗaya tilo da ta taɓa hawa kujerar, daga Yuni zuwa Oktoban 2007 kawai ta yi, aka taso ta a gaba kan kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidanta da na mataimakinta da sayen motoci, aka yi ta dambe a zaure, a cikin hayaniyar ne Dokta Aminu Safana ɗan majalisa daga Katsina ya yanke jiki ya faɗi, Allah ya ji ƙansa, bai tashi ba. Ni har yau ina ganin an fi zafafa mata don mace ce, maza nawa aka zarga da abin da ya ninka wannan suka gama wa'adinsu lafiya lau, amma wannan wata maganar ce daban.

Abin da nake so ku lura, a dokance sai kashi biyu bisa uku kafin a tsige kakaki, amma duka biyun nan ba wanda aka kai ga tsigewa, murabus suka yi da suka ga zauren ya juya musu baya. Duk ƙarfin da Bakatsine ya lissafa na aro ne, in waɗanda suka ɗora ka suka daina amsa maka ko gudumar ka buga ba mai zama.

Kuma kar ku manta akwai lokacin da kakaki ya tsaya wa shugaban ƙasa. Ghali Umar Na'Abba, Allah ya gafarta masa, jam'iyyarsu ɗaya da Obasanjo amma a zamaninsa majalisa ta tsallake shugaban ƙasa ta zartar da dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000 bayan ya ƙi sa hannu, a Agustan 2002 kuma majalisar wakilai ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi. Bai koma majalisa a 2003 ba, to, amma mutane ba su manta da shi ba.

Bakatsine_ne:
Hajiya ranki ya daɗe, kin ga kuwa misalan naki duk na da ne. Tambuwal a 2011 haka ya yi wa PDP, jam'iyya ta ce kujerar ta yankin Yarbawa ce ta tsayar da Mulikat Akande, 'yan majalisa suka haɗa kai da 'yan adawa suka ba shi. Da ya koma APC a Oktoban 2014 'yan sanda suka janye masu tsaronsa, ranar 20 ga Nuwamba aka rufe ƙofar majalisa, muna kallo manyan mutane da babbar riga da malum-malum suna haura get ana harba barkonon tsohuwa. Dogara ma a 2015 ba shi APC ta tsayar ba, ya kayar da Gbajabiamila 182 da 174, ƙuri'a takwas kacal, kuma a asirce aka kaɗa. To ki haɗa da 353 na 2023 da aka yi a fili kowa na jin sunan da ka kira, gwamnanka na kallo, fadar shugaban ƙasa na kallo. Wa zai yi gangancin kiran wani sunan? Ni a ganina tun daga 2019 kujerar ta koma ta wanda fada ta nuna, Gbajabiamila ma yana sauka shugaban ma'aikatan fadar Tinubu ya zama.

Mazaunin_Birmingham:
Ni abin da ya fi ba ni sha'awa a nan Ingila, da zarar an zaɓi mutum kakakin majalisar wakilai sai ya fita daga jam'iyyarsa gaba ɗaya. Lindsay Hoyle ɗan Labour ne shekara da shekaru amma tun da ya hau a Nuwamban 2019 ba shi da jam'iyya, ko lokacin zaɓe ya zo a matsayin kakaki yake tsayawa kuma manyan jam'iyyu ba sa tsayar masa da abokin takara. Firaminista ma in ya wuce gona da iri tsawata masa yake ya zaunar da shi. Me zai hana mu yi haka?

Malamin_Sakandare:
Tsarin ba ɗaya ba ne ɗan'uwa. Can firaminista da ministocinsa a cikin zauren suke zaune, shugaban adawa na fuskantarsu, to ana buƙatar wanda ba ya kowane ɓangare ya tsaya a tsakiya. Mu irinsa muka yi a jamhuriya ta farko lokacin da Ibrahim Jalo Waziri na Gombe yake kakaki daga 1960 zuwa 1966, Tafawa Balewa na zaune a cikin zauren. Daga 1979 muka ɗauko na Amurka inda shugaban ƙasa ke waje, kakaki shi ne jagoran majalisar a gaban ɓangaren zartarwa kuma cikakken ɗan jam'iyya ne. Can Amurkan ma ba daɗi suke ji ba, Kevin McCarthy sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 15 a Janairun 2023 kafin ya samu, a Oktoban shekarar kuma 'yan jam'iyyarsa takwas suka haɗu da 'yan adawa suka sauke shi, don su rinjaye kaɗan ya isa, ba kashi biyu bisa uku ba.

ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai, kaina ya waye. Saura ɗaya, zai iya korar ɗan majalisar da mu muka zaɓa in sun samu saɓani?

Malamin_Sakandare:
Shi kaɗai a'a. Sashe na 68 ya lissafa abubuwan da ke sa mutum ya rasa kujerarsa, kamar ya sauya jam'iyya alhali ba rabuwar kai a jam'iyyar tasa, ko ya yi ta fashin zama ba dalili, ko mutanen mazaɓarsa su yi masa kiranye, kuma kakaki ne zai ayyana kujerar a matsayin ba kowa bayan an kawo hujja gaban majalisa. A aikace in zuwa jam'iyyar kakakin aka koma sai ka ga ya karanta wasiƙar sauya sheƙar da kansa ana tafi, 'yan adawa na ta ihun a bi sashe na 68 ba mai sauraronsu. Dakatarwa kuma zaure ne ke yi bisa rahoton kwamitin ɗa'a. A 2016 da Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji ya zargi Dogara da wasu shugabannin majalisa da cushe a kasafin kuɗi, zaure ya dakatar da shi na kwana 180 na zaman majalisa, wanda ya fi shekara a kalanda, duk tsawon lokacin mazaɓarsa ba mai magana da yawunta. Daga baya kotun tarayya ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka, amma kafin hukuncin ya fito ya riga ya gama zaman gidan ya koma.