Mayyar labarina: in ba ta maita ta gaske, ko in hana ta?

Ummu_Nana ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi gabanku.

Ina rubuta ƙagaggen labari irin na almara, tauraruwarsa mace ce da ba ta tsufa. Na fara da ita a Sikotlan a 1590, shekarar da Sarki James na shida ya dawo daga Denmak da amaryarsa Anne, bayan guguwa ta wahalar da jiragensu a teku, aka ce ai mayu ne suka tayar da ita don su hallaka shi. A cikin waɗanda aka kama akwai wata unguwarzoma, Agnes Sampson. Sarki da kansa ya zauna aka yi mata tambayoyi. Aka aske mata kai, aka azabtar da ita, har ta amsa cewa sun jefa kyanwa a teku don iska ta tashi. Aka kashe ta a watan Janairun 1591. Tauraruwata yarinya ce da ke riƙe wa Agnes jakar magani, ita kam ni na ƙirƙire ta. Ta tsere, labarin ya bi ta Jamus, ya tsallaka da ita Salem ta Amurka a 1692, ya dire a zamaninmu.

Ga inda gizo ke saƙar. Na rubuta babin da yarinyar ta tsaya bakin teku ta kwance ƙullin igiya, iska ta taso. Babin ya yi daɗi, ba yabon kai ba. To amma in har tana iya tayar da guguwa da gaske, ashe sarki bai yi ƙarya ba ke nan? Ashe alƙalan nan ba zalunci suka yi ba, kuskuren kamu kawai suka yi? Wannan ne ba na so. In kuma na cire tsafin gaba ɗaya, labarin ya tashi daga almara ya koma tarihi mai sa kuka, ni kuwa ina son tashi sama cikin dare da rikiɗa da duk tarkacensu. Ya kuke ganin zan yi?

Abu_Safwan ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Kafin in zo kan tambayarki, tunda kin ce za ki kai ta Salem, don Allah kada ki kunna wuta a can. Ba a ƙona kowa ba a Salem. Mutum 19 aka rataye, mata 14 da maza 5, sai wani dattijo, Giles Corey, da aka danne da duwatsu har ya mutu saboda ya ƙi buɗe baki a kotu, wasu kuma suka mutu a kurkuku. Ingila ma rataya ake yi a wancan zamani. A Sikotlan galibi sai an shaƙe mutum sannan a ƙona gawar. Wutar da kike gani a bangon littattafai ta ƙasashen Jamus da maƙwabtansu ce. Wani abin mamaki na Salem da zai yi miki amfani: waɗanda suka amsa laifi suka tsaya a kai ba a rataye su ba, waɗanda suka dage cewa ba su yi ba su aka kashe.

Yawancin masu irin wannan almara suna jefa farautar mayu cikin tsohon zamanin Turai na duhun kai, alhali ba haka ba ne. Abin ya fi tsanani tsakanin 1560 da 1630, lokacin da ake da injin ɗab'i da jami'o'i da lauyoyi. Masu ilimi ne suka rubuta littattafan gane mayu, Sarki James ɗinki ma ya wallafa nasa a 1597. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda aka kashe tsakanin 40,000 da 60,000 cikin kusan shekaru ɗari uku. Miliyan tara da ake yaɗawa ba shi da tushe. Mata sun fi yawa nesa, amma a Aisland da Rasha maza ne suka fi.

Babinki na Jamus kuwa, in ni ne Bamberg zan kai shi. A watan Mayun 1626 wani matsanancin sanyi ya lalata inabi da hatsi a yankin, talakawa suka fara neman wanda za su ɗora wa. Bishop ɗin da ke sarautar garin ya gina gidan yari na musamman don mayu a 1627, aka kashe ɗaruruwan mutane. Har magajin garin, Johannes Junius, bai tsira ba. Daga kurkuku ya yi wa 'yarsa Veronica wasiƙa a ɓoye a watan Yulin 1628, da hannun da aka riga aka murƙushe masa yatsu. Ya gaya mata duk abin da ya amsa ƙarya ne. Ya ce haunin da kansa ya roƙe shi ya ƙirƙiri wani abu ya faɗa, domin ba za su ƙyale shi ba. Ya ce sun riƙa ambato masa titunan gari ɗaya bayan ɗaya, kowane titi sai ya kira sunan wani. Kin ga yadda mutum ɗaya ke zama goma, goma su zama ɗari.

Don haka shawarata: ki bar wa yarinyarki tsafinta, amma kada ki taɓa mutanen gaske. Agnes da Junius da na Salem su zauna yadda suke, bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ita kaɗai mai ikon, ita ce kuma ba a taɓa kamawa ba. Nauyin da za ta ɗauka a zuciya shi ne labarinki.

Maman_Haidar ta amsa:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani, amma ni ban gamsu da ƙarshen maganarsa ba. In aka bi haka, har yanzu akwai mayya ta gaske a gari, alƙalai dai ba su iya bincike ba ne. Damuwar Ummu Nana ba ta tafi ko'ina ba.

'Yar uwa, ki duba shari'ar Pendle ta Ingila a 1612. Wata budurwa, Alizon Device, ta haɗu da ɗan koli a hanya, John Law, ta nemi ya ba ta fil, ya ƙi kwance kayansa. Ta zage shi. Bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yau kowace ma'aikaciyar jinya za ta gaya miki sunan ciwon. Amma ita Alizon ta yarda ita ta yi. Da aka kawo mutumin gabanta, durƙusawa ta yi tana neman gafara. Kakarta ta shekara da shekaru tana yi wa mutane da dabbobinsu magani da tofe-tofe, abincin gidan ke nan, don haka yarinyar ta tashi da imanin cewa bakinsu yana kamawa. Ƙanwarta Jennet, 'yar shekara tara, aka ɗora kan tebur a kotu ta ba da shaida a kan uwarsu. Aka rataye mutum goma a Lancaster a watan Agusta.

Wannan ne wurin da nake ganin marubuta ba sa shiga. Ki rubuta tsafin yadda mai karatu zai gan shi da idon yarinyar, ya ji iskar a jikinsa, amma kada ki taɓa ba shi tabbacin cewa ƙullinta ne ya tayar da guguwar. Ta kwance igiya, iska ta taso. Wata rana ta kwance, ko ganye bai motsa ba. Ita kanta ta yi shekaru ɗari huɗu ba ta sani ba ko ita ta jawo wa Agnes mutuwa. Tashi sama da rikiɗa ma ba sai kin rasa su ba. Wata mata a Sikotlan, Isobel Gowdie, ta ba da bayani a 1662 cewa tana rikiɗa zomo, tana hawa karan hatsi ta tashi, tana cin liyafa a gidan sarauniyar aljanu a cikin tsauni. Babu marubucin da zai ƙirƙiri abin da ya fi wannan, kuma daga bakin matar manomi ya fito.

Sai abu ɗaya da ke ƙona mini rai a littattafan yanzu. Kowace mayya sai ka same ta kyakkyawa, mai hikima, masaniyar ganyaye, mai bin wani tsohon addini a ɓoye, kowane namiji kuma mugu. Batun tsohon addinin nan wata Baturiya ce, Margaret Murray, ta yayata shi a 1921, masana tarihi sun daɗe da watsar da shi, amma almara ta riƙe shi gam. Matan nan masu zuwa coci ne kamar maƙwabtansu. Da yawansu tsofaffi ne matalauta masu faɗa da kaifin baki. Masu kai ƙararsu kuma sau da yawa mata ne 'yan uwansu, wadda jaririnta ya mutu, wadda saniyarta ta daina ba da nono. Ki ba maƙwabciyar nan babi guda nata, ki bar mu mu ji tsoronta. In kika mayar da ita shaiɗaniya kin yi mata abin da aka yi wa Agnes.

Ibn_Adam ya amsa:

Malama, tunatarwa ce kawai. Sihiri gaskiya ne akwai shi, Alƙur'ani ya ambace shi a Suratul Baƙara aya ta 102, kuma koyonsa halaka ne. Ba na cewa kada ki rubuta labari, amma kada ki ƙawata shi har yaro ya karanta ya ji sha'awa. Yarda da samuwar sihiri daban, yarda da cewa wance ce ta yi shi daban. Na biyun yana buƙatar hujja, kuma abin da aka tatsa daga bakin mutum da azaba ba hujja ba ne.

Ummu_Nana ta amsa:

Na gode Malam Ibn Adam, in sha Allahu ba littafin koyar da tsafi zan yi ba. Maman Haidar, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Abin da ya rage shi ne rashin tsufanta, domin mace mai shekara ɗari huɗu ba ta bar wa mai karatu wurin shakka ba. Ina tunanin in mayar da su mata huɗu, kowacce a zamaninta, igiyar ce kawai ke bin hannu zuwa hannu. Malam Abu Safwan, Bamberg ta shiga, amma ina son mutum ɗaya a babin Jamus da zai tsaya ya ce a'a. Akwai irinsu?

Abu_Safwan ya amsa:

Akwai. Friedrich Spee, wani limamin coci Bajamushe, ya fitar da littafi a 1631 ba tare da sa sunansa ba, yana cewa azaba ce ke ƙera mayu. A Sifen kuma wani alƙalin kotun coci, Alonso de Salazar Frías, ya bi ƙauyukan Baskawa, mutanen arewacin ƙasar, bayan shari'ar mayu da aka yi a garin Logroño a 1610, ya saurari mutane masu ɗimbin yawa, ya dawo ya ce bai ga hujjar ko maita ɗaya ba.

Amma wanda ya fi dacewa da ke, a matsayinki na marubuciya, shi ne Johannes Kepler, masanin taurarin nan. Ya taɓa rubuta wata almara ta tafiya duniyar wata, inda uwar mai ba da labarin tsohuwa ce mai sayar da ganyaye da ke kiran aljanu. Rubutun ya zaga hannun mutane tun ba a buga shi ba. A 1615 wata maƙwabciya a garin Leonberg ta zargi mahaifiyarsa Katharina da ba ta abin sha mai sa ciwo. Aka kama tsohuwar a 1620, ta yi wata 14 a tsare, aka kai ta gaban kayan azaba aka nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi amsawa. Kepler ya ajiye aikinsa a Linz ya zo ya tsaya mata, ya bi zarge-zargen yana warware su. Aka sake ta a 1621, ba ta cika shekara ba ta rasu. Shi kansa ya yi zargin cewa almarar tasa ta ƙara wa tsegumin wuta, shi ya sa ya zauna ya yi mata dogayen bayanai a ƙarshe. Sai a 1634 aka buga ta, bayan mutuwarsa.

Leonberg ba ta kusa da Bamberg sosai, amma shekara takwas ce kawai tsakanin kama Katharina da wasiƙar Junius, don haka mace ɗaya za ta iya ganin duka biyun ba tare da kin tanƙwara tarihi ba.