Wai libarbar kakanmu jabu ce?

Jikan Mai Libarba: Jama'a, raina a ɓace yake. Libarbar da kakanmu ya bari na kai wa wani mai kiran kansa masanin tsofaffin makamai don ya faɗa mana shekarunta. Ko zama bai yi ba, ya juya ta a hannu ya ce wai jabu ce. Jabu! Ga rubutu ɓaro-ɓaro a samanta, BRITISH BULL DOG. Harsashi biyar take ci, bakinta gajere, bai kai tsawon yatsa ba. Kowa ya san kamfanin Webley na Birmingham ne ya fito da ita a 1872. Ni dai na ce ta 1872 ce, mai ja ya fito. A jikin gangar da ke juyawa akwai ɗan zagaye mai siffar ƙwai da haruffa E L G a ciki, gefe kuma ƙaramin tauraro a kan wani harafi. Na tabbata hatimin Webley ne.

Uwar Biyu: Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa. Hassada ce kawai. So yake ka karaya ka sayar masa.

Ɗan Maƙera: Malam, ka yi haƙuri, amma da bakinka ka ba da amsar. ELG ba na Webley ba ne, hatimin gidan gwajin bindigogi ne na Liyej a Beljiyam. Da a Birmingham aka yi ta, hatimin gwajin Ingila za ka gani, da sunan Webley. Maƙeran Liyej sun ƙera irin wannan bila adadin, suna buga mata sunan Bull Dog.

Jikan Mai Libarba: Wato kai ma cewa kake jabu ce?

Ɗan Maƙera: Ban ce ba. Na ce ƙirar Beljiyam ce.

Sarkin Gardama: To mene ne bambancin? Ka ɗauki sunan wani ka manna a kayanka, sunan wannan jabu. A daina kwana-kwana.

Malam Na-Tarihi: A'a, Sarki. Jabu shi ne abin da aka yi don a cuci mai saye. Wanda ya buga hatimin garinsu a fili, a wurin da kowa zai gani, wa ya yaudara? Sunan Bull Dog ya zama na kowa a lokacin, har kamfanin Forehand & Wadsworth na Amurka ya yi tasa. Kwaikwayo za a ce.

Sarkin Gardama: Kwaikwayo ƙanen jabu ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Uwar Biyu: Ku dai kuna zagin mamaci a fakaice. Bawan Allah ya ajiye abinsa shekara da shekaru, yanzu kun mayar da shi mai yawo da jabu.

Sarkin Gardama: Hajiya, wa ya ambaci mamaci? Ƙarfe muke magana.

Uwar Biyu: Kai ka saba ai. Ko rannan haka ka yi wa mai tsohon takobin nan har ya fice daga zauren.

Sarkin Gardama: Shi ya fita da ƙafarsa, ban kore shi ba.

Ɗan Maƙera: Don Allah ku bari mu koma kan shekarun, abin da ya tambaya ke nan. Liyej ta sauƙaƙa mana aiki. Alamar mai duba bindiga, harafi da tauraro a kansa, daga 1877 aka fara ta. Kafin nan kambi ake sa wa a kan harafin. Wannan kaɗai ya kori 1872. Sannan daga 1893 aka ƙara kambi a saman zagayen ELG ɗin. Idan zagayen ba kambi, tana tsakanin 1877 da 1893. Idan da kambi, bayan 1893 ce. Malam, duba mana saman zagayen da kyau, a hasken rana, ka karkata ta.

Jikan Mai Libarba: Wajen ya ɗan shafe. Tsatsa ce ta kama shi, na sa takardar goge ƙarfe na murje har ta yi ƙyalli.

Baba Dattijo: Innalillahi! Yaro, me ka yi? Ka murje? Wannan duhun da ke jikin tsohon ƙarfe shi masu tara kayan tarihi ke nema. Mai kaɗan da tsumma mai laushi ya ishe ta. Ka goge shaidar da kake nema da hannunka.

Jikan Mai Libarba: Baba, da girmanka, abina ne.

Baba Dattijo: Naka ne, ba wanda ya hana. Abu ɗaya dai, kada ka kuskura ka sa mata harsashin zamani. Don baƙin albarushi aka yi irinsu, na yanzu marar hayaƙi ya fi ƙarfin tsohon ƙarfe. Tana iya fashewa a hannunka.

Na-Amurka: Duk wannan surutun a kan kayan Turai. In ba Colt ba, ba libarba ba ce. Samuel Colt ne ya ƙirƙiro ta a 1836, sauran duk 'yan kwaikwayo ne, har Webley ɗin.

Malam Na-Tarihi: Rajistar ƙirarsa ya yi a 1836. Elisha Collier ya riga shi, tun 1818 ya yi rajistar bindiga mai ganga da ke tashi da dutsen ƙyastu a Ingila. Kuma Bull Dog da kake rainawa, da irinta Charles Guiteau ya harbi shugaban Amurka James Garfield a 1881.

Na-Amurka: To ai Collier ɗin ma Ba'amurke ne. Ka ga ka dawo hanya.

Jikan Mai Libarba: Kun ji ko? Irin wadda aka harbi shugaban ƙasa da ita! Sai wani ya ce min jabu.

Sarkin Gardama: Irinta aka ce, ba ita ba. Kada gobe ka ce kakanku ne ya ara masa.

Uwar Biyu: Ka gani? Ka koma kan mamacin.

Ɗan Maƙera: Hoton gangar kawai nake roƙo, kusa-kusa.

Jikan Mai Libarba: Ba zan ƙara turo komai ba, tunda abin ya zama ba'a.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Ni ma ina da abin da na gada, na san zafin a raina maka shi. Ga abin da muka cimma: malamai sun tabbatar libarbar ba jabu ba ce, tsohuwa ce ta asali, kuma irinta ta shiga tarihin Amurka. Mutumin da ya duba ta ya yi gaggawa. Maganar Beljiyam ra'ayin mutum ɗaya ne, tunda hatimin ma ya shafe. Sarkin Gardama, wannan ne gargaɗi na ƙarshe.

Ɗan Maƙera: Ranka ya daɗe, kambin ne ya shafe. ELG na nan, shi da kansa ya karanta mana.

Shugaban Zaure: An rufe wannan magana.