Fanka ko Kwamfaresa: Shawarwarin da Aka Bayar

Da aka tattauna batun haɗa na'urar sanyaya ɗaki a gida, ko da fanka za a yi ta ko da kwamfaresa, wato injin matsa iska, yawancin masu magana fanka suka zaɓa. Suka ce in iska za ta ratsa jiƙaƙƙen buhu ne don ta yi sanyi, a nemi mai ƙarfin turawa, ba mai yawan iska kawai ba. Fankar kwamfuta mai aiki da wutar volt 12, mai faɗin milimita 120, ba ta da ƙara sosai, kuma batirin sola yana ɗaukarta. Sai dai dabarar ta rani ce, da damina ba ta sanyayawa sosai.

Kwamfaresar hura taya kuwa, aka ce a bar ta, kuma na yarda: ga ƙara, ga cin wuta, matsa iska ma zafi yake haifarwa. Ta firji sai da gas da ƙwararren mai gyara.