Ina so in cire dikoda mu koma kallo ta intanet, ku ba ni shawara

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Tun ƙarin da aka yi a watan Maris na 2025, Compact na DStv ya koma naira 19,000 a wata, ga kuɗin makaranta, ga cefane. Ina tunanin ajiye dikoda gaba ɗaya mu koma kallo ta intanet, tunda talabijin ɗinmu irin mai shiga intanet da kanta ce. Waɗanda suka gwada, da gaske ana samun sauƙi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Su wa ke kallon, kuma me suke kallo? Daga nan amsar za ta fito.

Baban Hanif: Yara katun, uwargida Arewa24 da fina-finan Hausa, Hajiyarmu tashar Makka da wa'azi. Ni kuma ƙwallo.

Ɗan Zazzau: To ƙwallon ce kaɗai za ta ba ka wahala, Yallaɓai. Sauran duk mai sauƙi ne.

Kawu Na Fagge: Baban Hanif, ka saurare ni da kyau, don abin da kake shirin yi na riga ka shiga. Kafin komai, duk wanda ya zo maka da ƙaramin akwati ya ce akwai tashoshi dubbai a ciki, ka biya sau ɗaya a shekara ka huta, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa ka wuce. Haka wani mai shago ya sayar min, ya rantse har da wasannin Ingila da na Sifaniya da tashoshin Larabawa duk suna ciki. A shagonsa komai na tafiya lafiya lau. Da na kai gida ma ya yi aiki na ɗan lokaci. Sai tashoshi suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar babban wasa kuwa, lokacin da kowa ya hau, hoto ya tsaya cak, wannan zoben yana ta juyawa a tsakiyar allo. Idan ya dawo kuma yana baya, sai in ji ihun gidan kallon layinmu sun ci, ni a wurina ko kusurwa ba a buga ba tukuna. Na koma shagon aka ce gyara ake yi daga sama. Na sake komawa aka ce sai na ƙara kuɗi a canja min lamba. Daga baya wayarsa ma ta daina shiga.

Sai da ɗan ƙanwata da ya san harkar ya yi min bayani. Waɗannan tashoshin ba da izinin masu su ake watsa su ba, shi ya sa da an gano inda suke fitowa sai a rufe, kuma ba ka da wanda za ka riƙe. Ban da haka, hakkin wasu ne, ni abin bai kwanta min ba ko ta fuskar addini.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne data. Kuɗin da nake murnar na tsira da su, a data suka tafi har da ƙari. Yara su dawo daga Islamiyya su kunna, a bar talabijin tana yi ko babu kowa a falo kamar yadda aka saba da dikoda, kafin tsakiyar wata saƙo ya shigo wai ta ƙare. Dikoda ko kwana ta yi a kunne kuɗinta ɗaya ne. Intanet kuwa kowane minti da farashinsa.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri, Kawu.

Injiniya: Bari in sa lissafi a kan maganar Kawu. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya yana cin kusan 1GB a hoto na yau da kullum, yana iya kai 3GB idan hoto mai kyau ne sosai. Gidan da ake kallon awa 4 a rana, 120GB ke nan a wata a ƙaramin hoto, 360GB a babba. Yanzu ka buɗe wayarka ka duba nawa ake sayar da 120GB a layinka, ka tuna kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Ka haɗa da kuɗin Netflix ɗin kansa, don tsarinsa mafi araha na waya ne kawai, ba ya buɗewa a talabijin. Idan jimillar ta wuce 19,000, ba ka rage komai ba. Wanda yake cin riba sosai shi ne wanda dama yana da intanet mara iyaka a gida saboda aiki.

Baban Hanif: Ni MiFi, ɗan akwatin intanet mai layin waya, nake amfani da shi, ina loda masa kaɗan-kaɗan.

Injiniya: To da wannan kada ka ɗora masa talabijin ɗin gida gaba ɗaya. Kuma ko waɗanda ake kira marasa iyaka, ka karanta sharaɗinsu, da yawa suna rage gudu idan ka kai wani adadi.

Ɗan Zazzau: Ni ban ga abin wahala ba. Ranar wasa ka taka zuwa gidan kallo, ka biya ɗan abin da ba zai dame ka ba, ka sha musu, ka dawo. Tunda Arsenal kake goyon baya ma gara ka kalla cikin jama'a, a samu masu ba ka haƙuri.

Baban Hanif: Ɗan Zazzau, mai goyon bayan Manchester United ne zai yi wa wani maganar haƙuri? Tun 2013 kuke jiran kofin Firimiya.

Ɗan Zazzau: Kofin Zakarun Turai guda 3 ne a ɗakinmu. Bakano da son lissafin riba, lissafa wannan.

Kawu Na Fagge: Zage-zagi dai ba a raba ku da surutu. Ku bar mutum ya samu shawararsa.

Hajiya Babba: Ku yara kuna ta maganar ƙwallo kun manta da tsohuwa. Baban Hanif, mahaifiyarka ta saba ta danna lamba ɗaya a rimot ta ga Ka'aba. Idan ka mayar da ita sai ta shiga nan ta fita can ta rubuta suna, ka raba ta da abinta ke nan, kullum sai ta jira jika ya dawo. Ka sa mata dish na kyauta. Sau ɗaya za ka sayi faranti da dikoda ka biya mai saitawa, babu kuɗin wata. Tashar Makka da ta Madina suna nan a taurarin ɗan'adam na Nilesat da Arabsat dare da rana, ga Sunna TV da sauran tashoshin wa'azi na Hausa, lokacin azumi ga tafsiri. A gidana shi ne ba a taɓa kashewa.

Maman Ilham: Gaskiyar Hajiya. Arewa24 ma ana kama ta a dish na kyauta, ka dai gaya wa mai saitawar tun farko don ya san inda zai juya farantin. Fina-finan Hausa masu dogon zango kuwa yawancinsu YouTube ake sa su yanzu, kowane mako. Ni a waya nake saukewa da daddare lokacin data mai araha, in rage ingancin hoton, washegari in kalla ina aikina. Abin da nake so ku kula da shi shi ne yara. Tashar katun ta dikoda ka san abin da ke cikinta. YouTube kuwa daga wannan bidiyo sai ya kai su wani, kafin ka waiwayo sun isa inda ba ka so. Akwai YouTube Kids, ya fi dama, amma shi ma sai da ido.

Malam Na Maraɗi: Mu nan Canal+ muka fi sani, kuma ai su ne suka saye MultiChoice, kamfanin DStv da GOtv, a 2025. Ko za ku ga sauƙi nan gaba, Allah masani. Dish na kyauta dai ko a nan babu unguwar da ba ya ciki.

Auta: Yaya, me zai hana Starlink, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan'adam?

Injiniya: Auta, mutum na neman rage 19,000 kana kawo masa abin da kuɗin watansa kaɗai ya ninka haka, ban da kuɗin na'ura. Sai dai idan gidaje za su haɗa kuɗi.

Ɗan Zazzau: Maganar gaskiya yanzu, ban da wasa. Idan Firimiya ce damuwarka, Supa Plus na GOtv 16,800 ne a wancan ƙarin, ragin bai taka kara ya karya ba. Abin da nake yi shi ne ba na biya daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta, tunda babu gasar. Ba dole ba ne sai ka biya kowane wata, dikodar ba ta lalacewa don ta zauna.

Baban Hanif: Wannan ta shige ni. Ke nan in sa wa Hajiya dish na kyauta a ɗakinta, uwargida ta ci gaba da YouTube a waya, dikodar kuma in riƙa biya lokacin da ake buga wasa. Na gode ƙwarai. Katun ɗin yara ne ban san yadda zan yi ba a watannin da ban biya ba.

Maman Ilham: Akwai tashoshin yara a na kyautar, amma yawanci da Larabci suke.

Hajiya Babba: To ai gara haka, su ƙaru da Larabcin.

Kawu Na Fagge: Duk wannan lissafin sai da wuta fa. Mu tun shekaranjiya ba mu ga ƙyallinta ba. Injiniya, ƙaramar sola da za ta ɗauki talabijin da dikoda da fanka biyu, batir nawa take buƙata?

Injiniya: Talabijin ɗin inci nawa ce, Kawu? Kuma fankar ta sama ce ko ta tsaye? Ka duba bayan kowanne, akwai takardar da aka rubuta yawan wutar da yake ja, ka ɗauko min hotonta.

Auta: Ni ma a haɗa da ni a lissafin, da firji ƙarami.