Abin da aka tattauna kan yaƙar ƙwari masu dogon baki ta hanyar amfani da funfuna

Jama'a, an tattauna kan yadda ake amfani da funfuna wajen kashe ƙwari masu dogon baki, irin su ƙwaron ayaba, na dabino da na hatsin ajiya. Ga abin da na tsamo:

1. Nau'in funfuna biyu aka fi ambata, Beauveria bassiana da Metarhizium anisopliae. Ƙwayar funfunar kan manne a jikin ƙwaro, ta tsiro, ta huda fatarsa, ta cinye shi daga ciki. Ba sai ya haɗiye ta ba. Gawar kan yi fari idan Beauveria ce, kore idan Metarhizium ce.

2. Kowa ya yarda sai da haƙuri, kisan kan ɗauki kwanaki.

3. A fesa da yamma, saboda hasken rana na kashe ƙwayoyin, kuma suna son laima. Kada a gauraya da maganin kashe funfuna. Wannan a ganina a kula da shi sosai.

4. Tsutsar ƙwaron ayaba da na dabino a cikin shuka take ɓuya, feshi bai cika kai mata ba. Shi ya sa da yawa suka ce a zuba funfunar cikin tarko, manyan ƙwari su kwasa su shafa wa 'yan uwansu.

5. An rabu kan hatsin ajiya. Wasu sun ce tana aiki, wasu sun ce busasshen hatsi ba ya ba ta laimar da take buƙata.