Yarana sun ƙi buɗe baki a darasin Turanci, don Allah ku ba ni shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya hana ni barci. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Birnin Kebbi, bana shekarata ta biyu. NCE ɗina ba a Turanci na yi ba. Na zauna gida shekara huɗu bayan aure, sai da kasuwa ta juya wa maigida baya sannan ya yarda na fita aiki, kuma ƙanwar mahaifiyata ce ta yi mini hanya wurin mai makarantar, shi ya sa ba na son abin da zai ja mata jin kunya. Malamar Turanci ta tafi haihuwa, aka ce in riƙe ajinta, ko kwabo ba a ƙara mini ba, amma ba wannan ya kawo ni ba.

Darasinmu shi ne abin da yara ke yi bayan an tashi daga makaranta. Hotunan littafin kuwa: yaro na kaɗa fiyano, yarinya na iyo a wurin wanka irin na otal, wani na kan keke da hular kwano. Na tambaye su "What do you do after school?" Shiru kamar ruwa ya cinye su. Na ce su rabu da hoto, kowa ya faɗi nasa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce "I sell awara." Daɗi ya kama ni, na rubuta a allo har da sunanta. Aji ya kwashe da dariya, yanzu Mai Awara suke ce mata. Washegari uwar ta zo har bakin aji ta ce ba ta biya kuɗin makaranta don a tona mata asiri ba. Tun ranar duk wanda na tambaya sai ya ce "I watch cartoon," har waɗanda na san unguwarsu ta yi wata ba wuta. Ga shi mai makaranta na so su yi wannan hirar a gaban iyaye nan da mako biyu. Yaya zan yi?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Malama, aji nawa ne, kuma su nawa? Kin ba mu labarin maigida ba ki faɗi wannan ba.

Maman Hanif: Aji uku ne, su 47.

Tsohon Hedimasta: Ɗiyata, saurara. Na fara koyarwa 1978, zamanin UPE, shirin gwamnati na firamare kyauta ga kowa, tun muna jihar Sakkwato ba a cire Kebbi ba. Kuskurenki guda na: kin tambayi yaro abin da ba ki sa mai a baki ba. Yaro ɗan aji uku ba ya ƙirƙirar jimla, maimaitawa yaka yi. Ki raba allo gida uku. Gidan farko "After school I", na biyu play, go, do, help, na uku football, to Islamiyya, my homework, my mother. Aji duka su faɗa sau goma, layi-layi sau biyar, sannan ɗaya-ɗaya. Kwana biyar ki ga aiki. Haka munka yi, kuma waɗanda munka koyar yau wasu likitoci na, wasu alƙalai. Kuma Hausa kar ta shiga ajin Turanci, ko kalma guda.

Anti Mai Jan Biro: Baba, Allah ya ƙara girma, teburin nan naka mai gida uku a allo yana aiki, ban musa ba. Amma in ba Hausa, me yaro zai kira langa? Me zai kira gaɗa ko carafke? Malama, ni a Argungu nake koyarwa. Yaranmu da dama sun iya iyo tun suna ƙanana, garin da duniya ke zuwa kallon kamun kifi a Matan Fada, amma da suka ga hoton wurin wankan nan ba su gane iyo ake nufi ba. Ki bar sunayen wasanninmu yadda suke: "I play langa." Jimlar ta Turanci ce, langa tasu ce. Abin da za su koya shi ne wace kalma ke tafiya da wace: play da wasa, go da wuri, do da aikin gida. Sai ki kula da wurare biyu. Mu da "ina zuwa" muke faɗin abin da muke yi yanzu da wanda muke yi kullum, shi ya sa yaro zai ce "I am going to Islamiyya every day," alhali "I go" ake so. Wasu kuma su fassara "nakan je" da "I used to go," wanda a Turanci ma'anarsa da can ina zuwa, yanzu na daina. Sai p da f, tunda Hausa ba ta raba su: za ki ji "flay pootball." Ki riƙe takarda a gaban baki, p na kaɗa ta da ƙarfi, a f kuma haƙoran sama na taɓa leɓen ƙasa. Yara na son wannan wasan.

Maman Hanif: Anti na gode, amma ni ai na san bambancin p da f. Ba furuci ne matsalata ba, magana suka ƙi yi.

Uwar Biyu: Ni dai tunda an taɓo zancen, malamai ku ji tsoron Allah da aikin gida. Yaro ya dawo ƙarfe biyu cikin ranar nan, ya ci abinci, La'asar ya tafi Islamiyya, ya dawo dab da Magariba, ga hadda, sannan ku haɗo shi da shafi huɗu. Wane "after school" ya rage masa? Nawa in kin tambaye su barci kawai za su ce.

Malamin Jega: Wallahi Hajiya mu ma ba da son ranmu ba. In ba ka ba da aikin gida ba iyaye su ce makarantar ba ta karatu. Wata uku ke nan rabona da cikakken albashi, da yamma gonar albasa nake tafiya. Ni ma a tambaye ni me nake yi bayan an tashi.

Tsohon Hedimasta: Kun gani? Kowa ya bar tambaya ya kama kukan gabansa. Malama ta Argungu, langar da kika ce, ita za ta fito a jarabawar shiga sakandare? Gwamnati da kanta a 2022 ta ce a koyar da harshen uwa har aji shida, a ƙarshen 2025 ta janye ta ce a koma Turanci. Abin da nike faɗi tun tuni ke nan. Ɗiyata, ki yi teburin.

Anti Mai Jan Biro: Baba, wancan zancen harshen da za a koyar da lissafi da kimiyya ne, ba hana yaro kiran sunan wasansa ba. Kuma Malama, ki yi haƙuri, zan faɗi abin da kowa ke kewayewa. Yaran ba Turanci suke tsoro ba, allo suke tsoro. Sun ga abin da ya samu wadda ta faɗi gaskiya. A makarantar kuɗi akwai ɗan mai mota, akwai ɗan da uwarsa ke suya don ta biya masa, tambayar nan kuwa tana leƙa cikin gida. Ki zana yaro da yarinya a kwali, ki ba su sunan da babu mai shi a ajin. Shi yana ɗiban ruwa, yana kiwon awaki, yana ƙwallo. Ita tana wanke-wanke, tana talla, tana zuwa Islamiyya. A yi magana a kansu: "He fetches water. She sells awara." Nan ma kin samu damar koyar da s ɗin nan da suke yarwa. Ke ma ki faɗi naki, ki ce kina shara kina girki. Kuma ki je ki ba uwar yarinyar haƙuri.

Maman Hanif: Haƙurin me, Anti? Yabonta na yi. Ita kaɗai ta yi jimla daidai a aji duka. Sana'a abin kunya ce? Ni ma da kuɗin ƙuli-ƙulin mahaifiyata na yi karatu. Kuma in na sake sa awara a kwali ai sabuwar dariya ce.

Baban Sadik: To ki faɗa wa yaran zancen ƙuli-ƙulin mana.

Maman Hanif: A'a, wannan daban. Raini zai shiga.

Uwar Biyu: Hmm.

Ɗan Yauri: Malama, mako biyu ne fa. Ki zaɓi yara shida masu baki, ki rubuta musu, su haddace, iyaye su tafa, a tashi. Kowace makaranta haka take yi. Kar ki kashe kanki a kan ajin da ba naki ba.

Tsohon Hedimasta: Wanga shi na abin da ya kashe ilimi. Shida su yi aku, arba'in da ɗaya su yi kallo.

Ɗan Yauri: Ranka ya daɗe, sau goma aji duka, sau biyar layi-layi, wannan ba aku ba ne?

Tsohon Hedimasta: Yaro, ba ka san bambancin atisaye da hadda ba. Ka tambayi wanda ya yi Grade II, karatun malanta na zamaninmu.

Maman Hanif: Na gode muku duka. Teburin Baba na gwada irinsa tun makon jiya, suna faɗa tare da ƙarfi har ajin kusa na ƙorafi, amma da na nuna mutum ɗaya sai ya sunkuyar da kai. Kwali kuma sai na roƙi mai makaranta, ba na jin zai saya. Yarinyar yau ma ba ta zo ba, kwana uku ke nan, an ce zazzaɓi ne. In na zaɓi shidan, in sa ta a ciki ko in bar ta?